Karaya a Tsufa: Zaizayar Ƙashi da Illolinta ga Lafiyar Dattawa

Gabatarwa

Yaro ɗan shekara 10 yakan faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu, a ɗaure masa, kafin mako 6 ya koma fagen wasa kamar babu abin da ya same shi. Amma dattijuwa 'yar shekara 75, santsi kaɗai zai kwashe ta a bakin rijiya ko a makewayi, ta zauna daɓas a ƙasa, shi ke nan ƙashin cinyarta ya ɓalle daga sama. Sau da yawa wannan 'yar faɗuwa ita ce ke raba ta da tafiya, wani lokaci ma ta zama sanadin ajalinta cikin 'yan watanni. Jama'a sukan ce tsautsayi ne, ko kuwa su ce tsufa ne. Ilmin likitanci kuwa ya nuna cewa akwai wata cuta da ta daɗe tana cin ƙashin a ɓoye kafin ranar faɗuwar. Likitoci suna kiranta ostiyoforosis, kalmar da aka ƙera daga Girkanci, ma'anarta ƙashi mai ramuka. A wannan darasi za a kira ta zaizayar ƙashi, domin yadda take cin ƙashi sannu a hankali ya yi kama da yadda ruwa ke zaizaye ƙasa.

Darasin zai bayyana yadda cutar ke samuwa, da wuraren da suka fi karyewa, da dalilin da ya sa karayar tsoho ke da haɗarin da ya wuce na ƙashin da ya karye.

Ƙashi Rayayyen Abu Ne

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206. Wanda ya ga busasshen ƙashi a mahauta zai zaci matacce ne kamar dutse, alhali a jikin mai rai ƙashi yana da jijiyoyin jini, yana girma, yana kuma gyara kansa. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka gina shi. Na farko wasu zarurruka ne masu danƙo da ake kira kolajin, su ne ke ba shi damar ɗan tanƙwaruwa ba tare da ya tsage ba. Na biyu ma'adinan kalsiyam da fosfet ne, waɗanda ke cika tsakanin zarurrukan su ba shi tauri. Kimanin kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ke jikin mutum yana cikin ƙasusuwa da haƙora.

Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki a kan ƙashi dare da rana. Iri ɗaya suna kankare tsohon ƙashi, ɗaya irin kuma suna bin bayansu suna cike gurbin da sabo, tamkar yadda ake kankare tsohon yaɓe a jikin soro a sake sabo kafin damina. Ta haka ake sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi a kowace shekara.

A lokacin ƙuruciya da samartaka masu gini sun fi masu kankara aiki, don haka ƙashi yana ƙara kauri da nauyi. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙashin da mutum zai mallaka a rayuwarsa yana taruwa ne kafin ya cika shekara 20, ginin kuma yakan kai ƙololuwa wajen shekara 30. Daga wajen shekara 40 sai lissafin ya juya, abin da ake kankarewa ya fi wanda ake mayarwa.

Ga mata, al'amarin yakan yi sauri bayan ɗaukewar al'ada, wadda galibi ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55. Sinadarin isturojin da jikin mace ke samarwa shi ne ke taka wa ƙwayoyin kankara birki. Da zarar ya ragu, sai su shiga aiki ba ƙaƙƙautawa, har mace ta riƙa rasa wajen kashi 2 cikin 100 na ƙashinta a kowace shekara na tsawon 'yan shekaru. Wani likitan Amurka mai suna Fuller Albright ne ya bayyana wannan dangantaka a Boston wajen shekarar 1940. Cikin ƙashi, wanda dama yake kamar saƙar zuma, sai ramukansa su faɗaɗa, bangayensu su sirance, wasu su yanke. Daga waje babu ciwo, babu kumburi, kamar iccen da gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo.

Ban da shekaru da jinsi, akwai abubuwan da ke ƙara haɗarin: gado, musamman idan uwa ko uba sun taɓa karyewa a kwatangwalo, rama mai tsanani, shan taba da barasa, rashin motsa jiki, da daɗewa ana shan magunguna irin su firednisolon da deksametason. Wannan na ƙarshe abin lura ne, domin wasu sukan sha irin waɗannan ƙwayoyi don neman ƙiba ko maganin ciwon gaɓoɓi ba tare da umarnin likita ba.

A shekarar 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'aunin gane cutar, ta hanyar auna cikar ƙashi da wata na'urar ɗaukar hoto ta musamman, a kwatanta shi da na matashi lafiyayye. Sai dai ko babu na'ura, akwai wata alama da likitoci ke ɗauka da muhimmanci: duk wanda ya haura shekara 50 ya karye saboda faɗuwa daga tsaye, wato faɗuwar da ba za ta karya lafiyayyen ƙashi ba, to a yi masa zaton zaizayar ƙashi.

Girman Matsalar

An ƙiyasta cewa a duniya, mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 daga waɗanda suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya a sauran rayuwarsu. Masana biyu, Olof Johnell na Suwidin da John Kanis na Ingila, sun lissafa cewa a shekarar 2000 an samu karaya miliyan 9 ta dalilin zaizayar ƙashi, miliyan 1.6 daga ciki a kwatangwalo. Wani hasashe da aka buga a 1992 ya nuna karayar kwatangwalo za ta haura miliyan 6 a shekara nan da 2050, saboda ƙaruwar tsofaffi.

An daɗe ana ɗaukar cutar a matsayin ta Turawa. Wani bincike da aka yi a Ibadan, aka buga a 1991, ya tarar da karayar kwatangwalo ba ta kai ko kusa da ta Ingila yawa ba. Amma bincike na baya-bayan nan a Afirka ta Kudu ya nuna ta ƙaru ƙwarai a tsakanin baƙaƙen fata idan aka kwatanta da shekarun 1960. Bugu da ƙari, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa yawan masu shekara 60 zuwa sama a Afirka kudu da Sahara zai ninka fiye da sau 3 tsakanin 2015 da 2050. Inda tsofaffi suka yawaita kuwa, karayar tsufa za ta yawaita.

Wurare Uku da Suka Fi Karyewa

Na farko shi ne wuyan hannu. Mutum idan zai faɗi yakan tokare da tafin hannu, sai ƙashin damtse na ƙasa ya karye dab da wuyan hannun. Wani likitan Dablin, Abraham Colles, ya siffanta wannan karaya tun 1814. Ta fi samun mata masu shekara 50 zuwa sama. Ba ta cika kisa ba, amma takan bar wasu da ciwo ko sanƙarar hannu, har riƙe buta ko tuƙa tuwo ya yi musu wuya. Babban muhimmancinta shi ne ita ce sau da yawa gargaɗi na farko.

Na biyu shi ne ƙashin baya. Gaɓoɓinsa ba sa ɓallewa gida biyu kamar sanda. Murƙushewa suke yi, gaban gaɓar ya lotsa. Hakan na iya faruwa wajen ɗaga bokitin ruwa, ko sunkuyawa, ko tari mai ƙarfi. Kimanin kashi 2 cikin 3 na irin wannan karaya ba sa zuwa gaban likita, domin ana ɗaukarsu ciwon baya ne na tsufa. Idan gaɓoɓi da dama suka lotsa, sai tsayin mutum ya ragu, bayansa ya ranƙwafa ya yi doro. Ranƙwafawar tana matse ƙirji, huhu ya kasa buɗewa sosai, numfashi ya riƙa yin wuya. Tana kuma matse ciki, mutum ya riƙa ƙoshi da 'yar loma kaɗan, ya rame. Wani bincike da aka buga a 2001 ya gano cewa mace 1 cikin 5 da suka sami sabuwar karayar ƙashin baya sun sake samun wata cikin shekara guda. Raguwar tsayi da santimita 4 ko fiye alama ce da ta cancanci a je a ɗauki hoton baya.

Na uku, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne kwatangwalo. Abin da ke karyewa a nan shi ne saman ƙashin cinya, wurin da ya sirance kamar wuya kafin ya kai ga dunƙulallen kan da ke juyawa a cikin kwarmin ƙugu. Tun 1822 wani likitan Landan, Astley Cooper, ya lura cewa wannan karaya ta tsofaffi ce, kuma ƙashinsu ya sirance ya yi fuyau. Alamominta su ne ciwo a matsematsi ko gefen cinya, da kasa tsayuwa, sa'an nan sau da yawa ƙafar takan gajarta ta juya waje.

Yadda Karayar Kwatangwalo ke Kai ga Mutuwa

Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da suka karye a kwatangwalo sukan rasu cikin shekara guda, kuma maza sun fi mata mutuwa. Wani ɓangare na wannan adadi ya samo asali ne daga cututtukan da majinyacin ke da su tun kafin ya faɗi, kamar ciwon zuciya, ciwon suga da gigin tsufa. Sauran kuwa, abin da ke biyo bayan karayar ne ke jawo shi, musamman doguwar kwanciya. An halicci jikin mutum don motsi, idan ya kwanta kwana da kwanaki sai sassansa su fara gazawa ɗaya bayan ɗaya.

Huhu ne kan fara. Mai kwance a rigingine ba ya jan dogon numfashi, ciwo kuma yana hana shi tari. Sai majina ta taru a ƙasan huhu, ƙwayoyin cuta su samu wurin hayayyafa, ciwon nimoniya ya kama shi. Wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu irin wannan karaya.

Sai jini. Tsokar sha-raɓa ce ke taimakawa wajen tura jinin ƙafa zuwa zuciya a duk lokacin da mutum ya taka. Idan ƙafa ta daina motsi, jinin yakan tsaya ya daskare a cikin manyan jijiyoyi. Gudan jinin na iya ɓallewa ya bi jijiya har huhu ya toshe hanya, mutum ya mutu farat ɗaya.

Sai fata. Inda ƙashi ya danne fata a kan shimfiɗa, kamar ƙugu, ɗuwawu da diddige, jini ba ya isa wurin. Cikin 'yan sa'o'i fatar takan fara lalacewa, daga baya ta zama gyambo mai zurfi, wanda ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jini. Haka ma mafitsara takan kamu da cuta saboda zaman fitsari.

Sai tsoka. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da wasu tsofaffi lafiyayyu kwana 10 a gado, aka tarar sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Ƙashi ma yana ƙara zaizayewa idan ba ya ɗaukar nauyi. 'Yan sama-jannati sukan rasa kashi 1 cikin 100 ko fiye na ƙashin ƙugunsu a kowane wata saboda wannan dalili. Ke nan kwanciyar da aka yi don jinyar karaya ta farko tana share fagen ta biyu.

Daga ƙarshe akwai ƙwaƙwalwa. Zafin ciwo, ƙarancin ruwa a jiki, zazzaɓi da rashin barci sukan sa tsoho ya rikice, ya riƙa sambatu, ya kasa gane 'ya'yansa. Wannan ruɗewa alama ce ta rashin lafiya mai buƙatar magani, kuma waɗanda suka yi ta sun fi jinkirin warkewa.

Waɗanda suka tsira ma ba duka ke komawa yadda suke ba. Bayan shekara guda, kimanin 4 cikin 10 ba sa iya tafiya sai da taimako. Dattijon da ke zuwa masallaci da kasuwa da ƙafarsa sai ya koma ana ɗaga shi ana kwantarwa. Tsoron sake faɗuwa yakan tsare wasu a ɗaki, kaɗaici da damuwa su biyo baya. Nauyin jinya kuma yakan faɗa kan iyali, galibi mata da 'yan mata, har wata ta bar sana'a, wata ta bar makaranta.

Darasi daga Birtaniya

Idan kwanciya ce ke kisa, to magani shi ne a tayar da majinyaci da wuri. Ba zai tashi ba kuwa sai an kafe karayar daga ciki. Wannan ne ya sa ake yin tiyata ko da mutum ya kai shekara 90: ko dai a haɗa ƙashin da kusoshi da farantin ƙarfe, ko a cire kan da ya karye a sa na ƙarfe a madadinsa. Wuyan ƙashin cinya yana binne ne a ƙarƙashin tsoka mai kauri, don haka babu karan ɗori ko filasta da za su iya riƙe shi daga waje. Har ila yau, karayar takan tsinka jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini, sai kan ya mutu ya ƙi haɗewa. Sana'ar ɗori tsohuwa ce a ƙasar Hausa, jama'a kuma sun saba da ita, amma wannan karaya ta fi ƙarfin abin da hannu zai gyara daga waje. Wurinta shi ne asibitin da ke da likitan ƙashi, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa na jami'o'i.

Birtaniya ta nuna abin da tsari ke iya yi. A 2007 likitocin ƙashi da likitocin tsofaffi na ƙasar suka buɗe rajistar da ke bin diddigin masu karayar kwatangwalo, waɗanda suka haura 60,000 a kowace shekara. Aka kafa ƙa'idoji: a yi tiyata a ranar da aka kawo majinyaci ko washegari, likitan tsofaffi ya duba shi, a tayar da shi tsaye kwana ɗaya bayan tiyata, a binciki dalilin faɗuwarsa, a kuma duba ƙarfin ƙashinsa kafin a sallame shi. Mace-macen da ake samu cikin kwana 30 na farko suka sauko daga kusan kashi 11 cikin 100 a 2007 zuwa ƙasa da kashi 7 bayan shekara 10. Gaggawa da haɗin kan ma'aikata ne suka kawo yawancin wannan sauyi.

Akwai kuma magungunan da ke rage aikin ƙwayoyin kankara. An amince da alenduronet a Amurka a 1995. A wani babban gwaji da aka buga a 2007, allurar zoleduronet sau ɗaya a shekara ga waɗanda aka yi wa tiyatar kwatangwalo ta rage sabuwar karaya da kashi 35 cikin 100, ta kuma rage mutuwa da kashi 28. Likita ne kaɗai ke da ikon rubuta irin waɗannan magunguna.

Rigakafi

Rigakafi iri biyu ne: ƙarfafa ƙashi da hana faɗuwa. Ƙarfafa ƙashi aikin ƙuruciya ne, domin ƙashi kamar rumbu yake, abin da aka zuba da kaka shi ake ci da bazara. Masana abinci a Amurka sun ƙayyade miligiram 1,300 na kalsiyam a rana ga masu shekara 9 zuwa 18. Kofi ɗaya na madara yana ɗauke da kimanin miligiram 300. Wani bincike da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya tarar da yaran da aka duba ba sa samun fiye da kimanin miligiram 200 a rana, kuma masu lanƙwasar ƙafafu daga cikinsu sun fi samun sauƙi da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. Wannan cuta ta yara dabam take da zaizayar ƙashi, amma ta nuna ƙarancin kalsiyam a abincin yau da kullum. Nono, kindirmo, kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifaye da ake ci da ƙayarsu duk suna da kalsiyam. Hasken rana yana sa fata ta samar da bitamin D, wanda hanji ke buƙata don tsotse kalsiyam. Gudu, tsalle, ƙwallo, langa da aikin gona suna sa ƙashi ya yi kauri, kuma 'yan mata sun fi kowa buƙatar wannan motsi.

Hana faɗuwa kuwa aikin gida ne. A sa fitila a hanyar makewayi, domin fitowar dare da ta asuba na da haɗari ga tsoho. A kawar da gansakuka da ruwan sabulu daga wurin wanka da alwala, a gyara dokin ƙofa da gefen tabarma da ke harɗe ƙafa. A samar da takalmi mai riƙe ƙafa da sanda ga mai buƙata. A kai tsoho a duba idonsa, domin yanar ido tana da magani. Idan wani magani yana sa shi jiri, a sanar da likita. Kada kuma a hana shi 'yan aikace-aikace da tattaki da sunan tausayi, domin zama wuri ɗaya yana raunana ƙafa.

Kammalawa

Karayar tsoho bayan 'yar faɗuwa alama ce ta cutar da ta daɗe a jiki, kuma wanda ya karye sau ɗaya yana cikin haɗarin sake karyewa. Tsohon da ya faɗi ya kasa tsayuwa yana buƙatar asibiti a ranar, domin kowane kwana da ya ƙara a kwance yana ƙara masa haɗari. Ɗalibin sakandare yana da hannu a al'amarin ta fuska biyu: yana cikin shekarun da ake gina ƙashi, kuma sau da yawa shi ne mai ilmin da zai ankarar da mutanen gida idan kaka ta faɗi.

Gwaji a Aji

A samo ƙasusuwan cinyar kaza guda 3, a wanke su. A jiƙa na farko a ruwan khal na mako guda, ana sauya ruwan bayan kwana 3. Malami ya ƙona na biyu a garwashi har ya yi fari. A bar na uku yadda yake. Na farko zai tanƙwaru kamar roba saboda kalsiyam ya narke, na biyu zai marmashe saboda kolajin ya ƙone.

Tambayoyi

1. Me ya sa zaizayar ƙashi ta fi yawa ga mata bayan ɗaukewar al'ada?
2. A kawo illoli 4 da doguwar kwanciya ke yi wa tsoho, tare da bayanin yadda kowace ke faruwa.
3. Don me ɗori daga waje ba ya riƙe karayar kwatangwalo?
4. A zaga gida a rubuta wurare 5 da za su iya kayar da tsoho, da yadda za a gyara kowanne.